Sammani Mai Ban Ruwa da Gonarsa

Sammani yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma in za a tara masu haƙurin ƙasar Katsina a jera su, shi za a sa gaba. Ba yabonsa nake yi ba. Haƙurin nan nasa ya sha sa ni kuka, ya kuma sha sa ni zagi, har mijina Daudu yakan ce, "Turai, rage murya, dangar gidan nan ta kara ce." Ni kuwa ban iya rage murya ba, haka Allah ya yi ni.

Mu asalinmu mutanen wani ƙauye ne a gefen Ruma. Shekarar da mahara suka gangaro daga Maraɗi suka ƙone garin, suka kora shanu, suka tafi da wanda suka tafi da shi, mu muka tsira da kayan jikinmu muka shigo Batsari. Babanmu bai kai kaka ba ya rasu. Gandun gidanmu daji ya cinye shi, don ba mai zuciyar komawa. Ni na yi aure a cikin gari, na kama kaɗi da daddawa. Sammani ya rage ba gona, ba ko akuya, ga matarsa Asama'u da ciki.

A nan Labaran ya shigo rayuwarsa. Labaran falke ne, mai jakuna da takarkarai, yana sayo kanwa da taba a Katsina ya kai Zamfara. Mutum ne mai sanyin murya. Wallahi tun da nake ban taɓa jin ya ɗaga murya ga kowa ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mana sauƙi, don mai faɗa ana iya mayar masa.

A zaurensa aka yi maganar, gaban liman da dattawan unguwa. Aikin Sammani ban ruwa. Da safe ya kwance dabbobi ya kai su rijiya, ya ja wasaki ya cika komi, su sha su ƙoshi, ya maido su turke. In azahar ta yi, jikinsa nasa ne. Ladansa tuwon gidan, da damman gero in an yi kaka, da riga da wando duk babbar Sallah. Aka yi fatiha aka shafa. Iyakar abin da aka faɗa ke nan, kuma Daudu yana wurin, da kunnensa ya ji.

Yammacin nan da aka bar masa, shi ne duk abin da Sammani ya hango a aikin. Ko ɗan da ke noma a gandun ubansa ana sakinsa da azahar ya je ya noma gayaunarsa, balle baran da ba a haifa a gidan ba. Sai ya tafi wurin mai gari ya roƙi daji. Mai gari ya sa aka nuna masa wani fili a bayan duwatsu, kan hanyar Safana, ya ce masa, "Na ba ka muddin kana nomawa. In ka bar shi ya yi damina biyu-uku hauya ba ta taɓa shi ba, ya dawo hannuna, in ba wani. Haka muke yi da kowa." Sammani ya ce ya ji, ya gode.

Kai, na ga aiki! Wurin nan sabara ce da kalgo da geza, sun haɗe kai, ko akuya sai ta yi dabara take ratsawa. Mutum ya yi ta jan wasaki tun safe har tafin hannunsa ya yi kanta, sannan ya saɓi gatari ya nufi bayan duwatsu. Ya yi sassabe, ya tone kututture, ya ƙone. Kashin jakunan da ke taruwa a turke, Labaran ya ce ya kwashe ya rage masa ƙazanta, sai ya riƙa cika kwando yana kaiwa gonar a kansa. Ya dasa gamba a iyaka. Akwai wani gawo a tsakiya, ya bar shi.

Kakar farko da ya yi girbi, shi da kansa ya gina ɗan rumbu a bayan ɗakinsu. Bai cika ba, ko rabi bai kai ba, amma Asama'u ta rangaɗa guɗa sai ka ce an kawo amarya. Ranar ya ce mini, "Turai, duk shekarar da rumbun nan ya isa ya kai mu wata kakar, zan je in yi wa Maigida godiya, in ajiye masa wasakinsa." Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba.

To, daga nan aka fara.

Kuyangar da ke ɗebo wa matan Labaran ruwa ta tsufa, ƙafa ta ƙi. Labaran ya ce da Sammani, ai kullum yana bakin rijiya, ya taimaka ya riƙa cika randunan cikin gida kafin a sami wata. Ba a sami watar ba har yau da nake wannan magana. Mai yankan ciyawa ya bi ayari Zamfara ya ga wuri ya zauna abinsa, sai lauje ya koma hannun Sammani. Akumarin jaki ya yage, Sammani. Mangala ta ɓarke, Sammani. Igiyar guga ta tsinke, shi zai zauna ya tufka. Da rani mai gari ya ce kowane gida ya ba da namiji a gyara ganuwa, ga ƙattin 'ya'yan Labaran suna zaune a inuwa suna dara, amma wa za a tura kwaɓa ƙasa? Kun san amsa.

Kuma ba a taɓa kiran ko ɗaya daga cikinsu aiki ba. Taimako ne. "Ɗan'uwa, taimaka mini da kaza, Allah ya yi maka albarka." Albarka kam an sa masa ita har ta yi masa yawa. Damman gero kuwa suna nan yadda suke tun ranar fatiha, ko zangarniya ɗaya ba a ƙara ba. Rigar ma ni a idona ƙanƙancewa take yi duk shekara, ko da yake Daudu ya ce sharri ne irin nawa.

Azahar ta koma la'asar. La'asar ta koma sai rana ta yi ja ya ruga gonar ya yi abin da ya samu. Duk da haka yana ɗan samun girbi, ba dai kamar yadda ƙasar za ta iya bayarwa ba.

Akwai wata al'ada a barantaka da ta fi komai ci mini rai. Ranar babbar Sallah, in an sauko daga idi, ubangida kan zauna a zaure ya miƙa wa baransa riga a gaban jama'a. In ka miƙa hannu ka karɓa, ka ɗaure kanka wata shekara, ba sai an ce komai ba. In za ka bar gidan, ranar za ka durƙusa ka yi godiya ka ce a riƙe rigar. Duk Batsari an san haka.

Ana saura kwanaki Sallah na same shi yana wanke komi, na ce, "Yaya, bana kada ka miƙa hannu."

Ya ce, "In ban miƙa ba, da me za mu kai kaka? Kin leƙa rumbun?"

"Ai ba zai cika ba muddin kana yi wa Labaran aikin mutum huɗu!"

"Na sani."

"Ka sani? To mene ne amfanin sanin?"

Ya ci gaba da goge komi da tsintsiya. Can ya ce, "Bari dai bana ta wuce." Wannan bana da ba ta wucewa, na ji ta har na gaji da jinta.

Don kada in zalunce shi, sau ɗaya ya yi magana. Ni na matsa masa, na ce in bai je ba ni zan yafa zane in je, ya san kuwa zan aikata. Ya sami Labaran a zaure shi kaɗai, ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi hanya, gaisuwa ta ƙare ya sake ɗauko wata. Da ƙyar ya ce, "Maigida, na ce ko za a duba mini maganar azahar ɗin nan. Ko kuwa a ɗan ƙara mini wani abu a kan geron, tun da aikin ya ƙaru."

Labaran ya riƙe haɓa. "Subhanallahi! Sammani, yau ni da kai muka koma ciniki kamar baƙi a kasuwa? Ni da na ɗauke ka ɗan gida? Akwai ɗakin da ba ka shiga a gidan nan? Kai, ka sa jikina ya yi sanyi." Sammani ya shiga ba da haƙuri. Shi da ya je neman hakkinsa, shi ya dawo yana jin ya yi laifi, da goro guda a hannu. Ya miƙo mini goron wai in ci. Na ce ya kai wa jakuna.

Abin da ya karya gonar shi ne Safana. Labaran ya ƙara aure a can, surukansa suka ba shi fili, ya kuma sayi shanu ya ba wani Bafulatani kiwo a dajin wajen. Yanzu yana bukatar wanda zai riƙa zuwa yana duba masa, kuma wa ya fi Sammani amana? Amanar nan ita ta kashe shi. Da yana da ɗan hali, da ya taɓa ɓatar da ko igiya ɗaya, da an bar shi a bakin rijiyarsa.

Daminar farko da aka tura shi, ya yi dabara ya yi binne, ya zuba irin a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, ya tafi. Geron ya fito, ciyawa ta fito tare da shi ta fi shi sauri. Ni da Asama'u muka ɗauki fartanya muka je, ita da goyo a baya, ni kuma Daudu yana ta yi mini faɗan matar aure a cikin gari ba ta noma. Me muka sani? Mun yi iyakar yinmu, bayanmu ya ƙage, muka nome ɗan gefe guda. Abin da aka girba a shekarar ko tsaba ta kirki bai bayar ba.

Ta biyu, aka ce ya raka ayari Zamfara don mai kula da jakuna ba shi da lafiya, za a dawo kafin ruwa. Ruwa ya sauka da wuri, gulbi ya cika, suka zauna a ƙetare suna jiran ya janye. Da ya dawo geron mutane ya kai gwiwa. Ya je gonar ya tsaya a bakin gamba ya duba, ya juyo. Sabarar da ya tone da hannunsa ta fara tofowa.

Da kaka mai gari ya aiko masa. Ba da faɗa ba, tsakani da Allah. Ya ce mutane na ta shigowa Batsari daga ƙauyukan da aka watsa, kowa na neman inda zai sa iri, ga fili mai kyau yana kwance. In damina mai zuwa ta wuce ba a noma shi ba, kada Sammani ya ga laifinsa.

Ranin nan yayana ya zama wani mutum. Ya kai hauyarsa maƙera aka yi mata baki. Ya sayar da wandon Sallarsa ya sayi iri. Duk ɗan lokacin da ya samu yana bayan duwatsu yana sare sabara. Ya gaya wa Labaran tun da wuri, gaban mutane, cewa bana yana roƙon a bar shi ya yi shuka da noman farko. Labaran ya ce, "Haba, wannan ai ba abin roƙo ba ne. Allah ya kai mu." Har na fara sakin jiki, sakarya da ni.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Laraba, mai yawa, ƙasa ta jiƙu sosai. Da safe garin duk ƙanshin ƙasa, kowa ya saɓi sungumi yana fita. Na zo gidansu da ƙwaryar iri a kaina don in bi shi ina zubawa yana sara. Ina shiga na ga Labaran tsaye a ƙofar ɗaki, shi da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Wai labari ya zo an ga mahara a dajin Ruma, shanunsa na Safana suna kan hanya, dole a kora su kudu a kai su inda ke da ganuwa. Bafulatanin ba zai iya shi kaɗai ba. 'Ya'yansa ba su san dajin ba. Kwana kaɗan ne.

Na ajiye ƙwaryar na tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Baba Labaran, a gafarce ni, ban ruwa aka ɗauke shi. Ko shanun Safana ma a rijiyar Batsari suke sha?"

Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce da Sammani, "Ƙanwar nan taka akwai baki, Allah ya shirya." Sai ya juya gare shi ya ƙara sassauta murya. "Duk abin da na tara a duniya yana cikin shanun nan. In sun tafi, gidan da kake ci a ciki ya tafi. Ba ni da wanda zan dogara da shi sai kai."

Sammani yana riƙe da sungumi. Na ce, "Yaya, in ka bi hanyar Safana yau, ta gefen gonarka za ka wuce, kuma ba za ka ƙara shiga cikinta a matsayin taka ba." Asama'u tana cikin ɗaki tana kuka a hankali. Sammani ya jingine sungumin a jikin bango, ya ce, "Matsa mini, Turai."

Na matsa. Me zan yi, in kama yayana da kokawa?

Maharan ba su zo ba, ko ƙurarsu ba a gani ba. Amma kafin a kai shanun, a sami mai karɓarsu, a jira labari ya kwanta, a maido su, kwana kaɗan ya zama wata da wani abu. Ni da Asama'u mun yi shukar, sai dai ba mai nome ta, Daudu yana fama da tasa gonar, ni kuma zazzaɓi ya kwantar da ni. Ciyawa ta rufe komai. Wanda ya wuce ta hanyar ba zai ce an taɓa sa iri a wurin ba.

Bayan kaka aka kira Sammani zauren mai gari. Mata ba sa shiga, Daudu ne ya ba ni labari, kuma sai da na sa ya maimaita don ban yarda da kunnena ba. Akwai mutum biyu da ke neman filin. Kafin mai gari ya yanke, sai ga Labaran ya shigo da gaisuwarsa, rago da kantun gishiri. Ya ce shi ya zo ne saboda yaron gidansa. Filin nan Sammani ya sha wuya a kansa, kuma takin dabbobin gidansa ne ya gyara shi, bai kamata ya faɗa hannun bare ba. In mai gari ya yarda, a bar shi a gidan Labaran, shi ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara kwana ba noma ba.

Zaure ya ɗauka, "Madalla! Allah ya saka da alheri. Wannan shi ne ubangida." Mai gari ya yarda. Liman ya juya ya ce, "Sammani, ba ka yi godiya ba." Yayana ya durƙusa ya yi godiya. Daudu ya ce muryarsa ba ta fita sosai ba, amma ya yi.

Na kwana biyu ban ci abin kirki ba. Ba fushi ba ne ma, fushin ya ƙare, gajiya ce kawai ta sauko mini har cikin ƙashi.

Da bazara ta kama, Labaran ya kira shi ya ce sabon gandun nan na hanyar Safana yana bukatar hannu, shi zai riƙa nomawa. An rage masa zuwa Safana saboda haka, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya karɓa. Ashe suna iyawa! Lokacin da aka rasa shekara da shekaru, yanzu ga shi an samu, tun daga hantsi in ya gama ban ruwa har rana ta karkata. Gero kuwa in an girbe a kai rumbun Labaran. Ladansa na nan yadda yake.

Shekaru ke nan yanzu. Furfura ta cika masa gemu, kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa saboda jan wasaki, in zai miƙe sai ya dafa gwiwa. Ɗan rumbun bayan ɗakinsu ruwa ya zubar da gefensa, kajin Asama'u ke kwana a ciki. Kuma duk hanyar Safana babu gonar da ta kai waccan kyau. Fatake kan tsaya su duba, su tambayi ta wace ce, a ce musu ta Labaran.

Daminar da ta wuce na dama fura na kai masa can. Na same shi yana maimai, geron ya yi baƙi ƙirin don ƙoshi, ya kai masa ƙirji. Yana bin kunya a hankali, in ya ga ciyawa ta maƙale a gindin gero sai ya sunkuya ya cire ta da yatsa don kada hauya ta taɓa saiwa. Na tsaya ina kallonsa har raina ya ɓaci.

Na ce, "Yaya, don girman Allah, ka yi masa noman ganin ido mana. Ka bar ciyawar ta ci rabonta. Wa zai sani? Ko ƙwaya ɗaya a nan ba taka ba ce."

Ya tsaya ya dogara da hauyar, ya share zufa da hannun riga. Ya daɗe yana duban gonar, daga gamba zuwa gamba.

Ya ce, "Na gwada, Turai. Shekaranjiya na tsallake wasu kunyoyi da gangan, na saɓi hauya na tafi. Na kai bakin hanya, na dawo na nome su. Na kasa barinsu haka."

Na buɗe baki in zage shi yadda na saba, zagin ya ƙi fitowa. Na ajiye masa furar a gindin gawo, ya koma kan kunyarsa, ni kuma na kama hanyar gida.